Ƙasar Bayan Ɗakin Inna

Gwiwoyin Inna ne suka riga sauran jikinta gajiya. Idonta garau, kunnenta garau, baki kuwa sai dai a ce Allah ya ƙara lafiya, amma durƙuso ya gagare ta. Salla ma a zaune take yi.

Gidanmu na ƙauye ne, a ƙasar Sandamu, mai doguwar tsakar gida. Zaure a gaba, ɗakunanmu a tsakiya, ɗakin Inna a gefen yamma, salga kuma can ƙarshen gida bayan turakun awaki. Lokacin da marigayi Baba ya haƙa ta, ya nisanta ta ne saboda wari da ƙuda. Ba wanda ya kawo a ransa cewa wata rana nisan zai zama abin tsoro.

A wata damina Inna ta zame a hanyar salga. An yi ruwa da safe, ƙasa ta yi santsi, sanda ta kuɓuce mata. Matata ce ta same ta kwance cikin taɓo, ta ƙi kiran kowa don kunya. Ba ta karye ba, amma ta daɗe a kwance ana kai mata fo ɗaki, kuma ba abin da ta tsana kamar wannan fon. Ta ce ita ba jaririya ba ce, kuma ba za ta zauna surukarta tana kwasar mata ƙazanta ba tana ji tana gani. Tana samun sauƙi ta koma dogara sanda zuwa ƙarshen gida, mu kuma muka koma bin ta da ido har ta je ta dawo.

Ƙanwata, autarmu, tana aure a cikin Daura. Gidansu na siminti ne, da banɗaki a cikin ɗaki, irin wanda ake zama a kai. Da bazara ta kama ta zo duba Inna, ta ja ni zaure.

"Yaya, ni fa na gaji da kwana cikin zullumi. Ka ba ni ita."

Na ce, "Ai ba ƙwarya ba ce da zan miƙa miki. Ki tambaye ta."

Ba mu kai ga tambayar ba, don Inna ta ji mu tun daga tabarmarta. Ta ce ba inda za ta. A ɗakin nan aka kawo ta, a nan ta raine mu, daga nan za a ɗauke ta zuwa makwancinta. Ƙanwata ta yi kuka, Inna ta yi faɗa, ni ina tsakiya. A ƙarshe aka tsaya a kan magana ɗaya: zan gina wa Inna banɗaki na zama jikin ɗakinta kafin ruwa ya sauka. In na gama, ta zauna. In damina ta riske mu ban gama ba, ƙanwata ta zo da mota. Inna ba ta ce ta yarda ba, amma ba ta ce a'a ba, kuma a wurinta wannan ma babban rangwame ne.

Na nemo taubashina, ɗan ƙanen Inna, magini ne da ya yi shekaru yana aiki a Katsina da Kano. Ya zo a kan babur, ya gaida gwaggonsa, sannan ya juyo kaina.

"Bawana, an ce masai na tangaran kake so, irin na manya."

"Ba ni ba ne, gwaggonka ce."

"To ita ta cancanta. Kai ko daji ma ya yi maka yawa."

Ya zagaya bayan ɗakin yana taka ƙasa da diddige. Ya yi mini bayani cewa irin wannan masai rami biyu yake so. Na farko a shafe shi da siminti ciki da bai, nan ƙazanta ke kwanciya. Ruwan da ya taso sai ya bi fayif zuwa na biyu, wanda suke kira sokawe, shi kuma ba a shafe shi, ana jera bulo ne da 'yan kafofi don ruwan ya riƙa tsiyayewa cikin ƙasa. In ƙasa ba ta sha, ramin ya cika ya dawo da komai ɗaki. In kuma ta cika sha, ta kai ƙazantar ga ruwan da mutane ke ja.

Ni a zatona da ya gama magana za mu ɗauki diga. Sai ya ce a'a, sai mun gwada ƙasar tukuna. Ya ga gidaje a birni da aka gina ba a gwada ba, masu gida suna toshe hanci a falonsu. Za mu haƙa ɗan ƙaramin rami, zurfinsa zuwa cinya, mu cika shi da ruwa, mu bar ƙasar ta jiƙa sosai kamar yadda take jiƙa a tsakiyar damina. Washegari mu sake cikawa, mu kafa kara a ciki, mu yi wa karan tsaga daidai bakin ruwa, mu ga yadda zai sauka.

Abin da sauƙi a baki. Wanda bai san bazarar ƙauyenmu ba ba zai gane ba. Rijiyarmu tana ƙofar gida, duk unguwa ita ake sha, kuma a wannan lokaci ruwanta ya yi ƙasa ƙwarai. Sai ka ƙara wa igiya tsawo, ka ja har kafaɗa ta yi tsami, guga ya fito rabi, rabin ma da laka. In ba ka yi sammako ba, mata sun riga ka. Haka na riƙa tashi bayan asuba ina ja, ina cika jarka, ina kaiwa bayan ɗakin Inna ina tuttulawa a rami. Maƙwabta suna kallona. Wani dattijo ya tambaye ni ko shuka nake yi, na ce gwaji ne, ya ce Allah ya ba da sa'a, da irin muryar da ake yi wa marar lafiya sannu.

Inna kuwa tana zaune a inuwar ɗakinta tana kallon kowace jarka. Ita ce matar da ta yi ƙuruciyarta tana ɗauko tulu a ka daga rijiyar wani ƙauye kafin a haƙa tamu. A gidanmu ruwa ba ya mutuwa sau ɗaya. Wanda aka wanke hatsi da shi awaki ke sha, na alwala a gindin zogale yake ƙarewa, na wanki a yayyafa a tsakar gida. Ni ɗanta ne na fari, ba ta taɓa kiran sunana ba. Ta ce, "Kai wannan, ruwan sha ne fa kake zubarwa."

"Na ɗan lokaci ne, Inna."

"Allah ya shirya."

A shekarar na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi mana a firamare bayan la'asar, kuma ba na son fashi, don kan da ya tsufa in ya yi kwana biyu bai ga allo ba sai ya mance inda ya tsaya. Saboda haka na cika ramin da rana, na tafi aji. Da na dawo dab da magariba na leƙa, ruwa ya yi ƙasa sosai. Washegari taubashina ya zo, muka sake cikawa, ya kafa kara ya yi tsaga. Ya faɗa da ƙarfi, don gwaggonsa ta ji, cewa in ruwan nan ya sauka ta zauna a ɗakinta, in ya tsaya sai Daura. Ya tafi wani aiki da yake yi a Sandamu, ni na tafi aji. Da yamma muka haɗu a bakin ramin. Ruwa ya bar tsagar da nisa, saura ɗan kaɗan a ƙasa.

Ya ɗebi ƙasar da muka fitar, ya murza a hannu. Ya ce jar ƙasa mai danƙo irin wannan bai yi zaton za ta sha haka ba, amma kara ba ya ƙarya. Muka ƙara gwadawa sau ɗaya, aka samu daidai da na jiya. Ya ce bismilla.

Na shiga Daura na sayo tangaran da fayif a shagon wani Ibo mai kayan famfo, mutumin da ya fi ni iya ciniki da Hausa. Na ɗauro su a babur ina tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Na biya ta gidan ƙanwata na nuna mata. Ta yi murna, ko ta nuna ta yi.

Daga nan muka shiga haƙa babban rami, kusa da ƙaramin. Mu biyu ne, don leburori duk sun tafi sharar gona. Saman ƙasar ya ba mu haɗin kai. Da muka kai ƙugu sai yumɓu, mai kama shebur ya ƙi saki. Da muka kai ƙirji sai marmara, diga tana dukan ta tana tashi da wuta. Zafin bazara a cikin rami wani abu ne dabam, iska ba ta shiga, gumi yana shiga ido, numfashinka ma zafi yake dawo maka. Tafin hannuna ya yi ruwa ya fashe, na naɗe da tsumma. Nakan je aji in kasa riƙe fensir. Da dare in na kwanta sai in ji har yanzu jikina yana sara. Gonata kuwa tana can ba a share ba, maƙwabta sun gama kai taki.

Taubashina ya rage barkwanci. Wata rana ya tsaya a ƙasan ramin yana kallon bangon, ya ce ransa bai kwanta ba, a zuba ruwa a nan ƙasa a gani. Na jawo na zuba. Washegari ruwan yana nan. Jibi ma yana nan, ya kwanta ya yi garau, har kana ganin sararin sama a ciki.

Ya ce, "Ƙasa ɗaya, ko tabarma ba za ta shiga tsakaninsu ba, wannan ta sha, wannan ta ƙi? Sake cika mini ƙaramin."

Na cika shi da rana, na kafa kara, na tafi aji. Ranar malaminmu bai zo ba, an yi masa rasuwa a Mai'adua. Muka ɗan zauna, muka watse. Na shigo gida da sauran rana, na zarce bayan ɗakin Inna.

Tana zaune a kan 'yar kujerarta a bakin ƙaramin ramin, ƙafafu a miƙe, sanda a gefe. Ta ɗaure ludayi a kan dogon kara, tana zura shi tana ɗebo ruwa tana juyewa a bokiti. Bokitin ya kusa cika. Ta ji motsina, ba ta juyo ba.

"Kai wannan, yau ba a yi bokon ba ne?"

"Malam bai zo ba. Inna, me kike yi?"

"Awaki ke kuka. Ruwa mai kyau, ka jawo da guminka, ka zuba wa ƙasa. Ita ta ce maka tana jin ƙishi?"

"Kwanakin baya ma ke kika kwashe?"

Ta juye ludayin, ta ajiye shi a cinyarta. "Ran farko don awaki na ɗiba. Washegari kuwa na ji abin da ɗan nemar nan taubashinka ya ce, in ya sauka na zauna, in ya tsaya na tafi. Na zo na duba, na ga ya tsaya. To, sai na taimaka masa."

Na juya na dubi babban ramin, da tsibin jar ƙasar da muka tara har ya kusa kai tagarta. Na nemi fushi a raina ban samu ba, gajiya ce kawai ta sauko mini. Na zauna a ƙasa kusa da ita. Daga baya na gane matata ta sani tun farko, ita ke ɗauke bokitin ta kai wa awaki. Amma wace mace ce za ta kai ƙarar uwar mijinta?

Muka zauna a wurin har rana ta faɗi. Da aka kira magariba ta yunƙura za ta tashi ta kasa. Na sa hannu na ɗaga ta. Ban san ta yi rashin nauyi haka ba.

Da na gaya wa taubashina, ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya je ƙofar ɗakinta ya durƙusa.

"Gwaggo, ashe ke ce injiniyar aikin, mu leburori ne. Da kin faɗa tun farko ai da mun kawo miki hular kwano."

"Tafi can, marar kunya. Ubanka ma ni na goya shi, yana tsula mini fitsari a baya."

"Shi ya sa ya yi albarka."

Ta yi dariya, shi ma ya yi. Amma da muka fito zaure fuskarsa ta canza. Ya ce yanzu sai mu bi gidan da gwaji, kuma wannan karon in zauna a bakin kowane rami kamar mai gadin gona.

Haka aka yi. Na bar aji na wani lokaci. Na haƙa a gaban ɗakin Inna, na ja ruwa na zuba, na zauna. Ba aikin da ya kai kallon ruwa ya sauka cin rai. Kana zaune, rana tana juyawa, inuwa tana gudunka, ka duba kara ka ga tsagar tana nan jikin ruwa kamar yanzu ka yi ta. Na haƙa kusa da madafa, haka. Na haƙa bayan ɗakina, ya ɗan sauka kaɗan ya tsaya. Gidan ya cika da ramuka har matata ta riƙa ɗaure awaki don kada su karye. Inna ta daina cewa komai a kan ruwan. Takan dube ni in na wuce da jarka, ta kau da kai.

Ita ce ma ta gaya mana dalili. Ta ce da ƙasar wurin aka gina ɗakinta. Baba ya zaɓi gefen yamma ne saboda yumɓunsa, ya kwaɓa da ƙafarsa, ya yi tubali, shi ya sa duk shekarun nan bangon bai taɓa tsagewa ba. Taubashina ya ce to ai shi ke nan, ƙasar da ta riƙe ɗaki ba za ta saki ruwa ba.

Wuri biyu ne kawai suka sha. Na farko gefen zaure, inda ƙasar take da rairayi. Na zuba jarka, kafin in je in dawo da wata ya shanye. Raina ya yi fari, don fayif zai iya kaiwa can daga ɗakin Inna. Amma katanga ce kawai tsakanin wurin da rijiya. Na san amsar, duk da haka na tambaya.

"Ba wata dabara? Ko a ƙara kaurin siminti ta ɓangaren rijiyar?"

Wannan karon bai ce mini bawa ba. Ya ce, "Duk abin da ka zuba a nan, a guga za ka gan shi. 'Ya'yanka za su sha, na maƙwabta su sha. Ka nemi wani magini in kana so, ni hannuna ba zai taɓa ba."

Ban nemi wani ba. Na tambaye shi ko a shafe rami duka da siminti, in ya cika a kira motar kwasa daga Daura. Ya tuna mini cewa hanyarmu ko a-kori-kura ba ta shiga da damina, balle tanka. Na kawo wa Inna maganar kujera mai huda da bokiti a ƙasa. Ta ce fo ne aka sa wa ƙafafu.

Wuri na biyu shi ne bayan katangar gida, can gaba da tsohuwar salga, inda jigawa ta fara. Nan ruwa ya sauka a hankali, ba gudu ba tsayawa, yadda ake so, kuma ya yi nisa da rijiya. Sai dai ya yi wa ɗakin Inna nisa. Taubashina ya ce ba gangare, kuma ruwan buta ɗaya ko bokiti ba zai tura ƙazanta tsawon wannan fayif ba, zai toshe tun a watan farko. Abin da zai yiwu shi ne a gina mata sabon ɗaki a can, da banɗakinsa a jiki. Ba kafin damina ba, sai bayan kaka.

Na je na zauna a bakin ƙofarta na faɗa mata duka, ban rage komai ba. Tana jan carbi tana saurare. Da na gama ta ce, "In dai barin ɗakin nan zan yi, da bayan katanga da Daura ai duk ɗaya ne."

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma-yamma, ya yi baƙi ya watse. Taubashina ya ce a mayar da ƙasar babban ramin tun ruwa bai sauka ba, don in ya cika zai jiƙa gindin bango ya kayar da ɗakin. Muka mayar. Wahalar mayarwa ba ta kai ta haƙa ba, amma ta fi ta nauyi a zuciya. Muna zubawa muna dandaƙewa da turmi. Muna cikin rufe ƙananan aka yi ruwan farko, ni ko irin shuka ban fitar ba.

Ƙanwata ta zo da motar haya bayan kwana kaɗan, tun hanya ba ta lalace ba. Ta ga tabon ramukan a tsakar gida, ta ga hannuna, ba ta ce ai na faɗa ba. Ta ce, "Sannu, Yaya." Inna ta fito da ƙunshi ɗaya tak, zannuwa da magungunanta. Ta ja ƙofar da kanta, ta ba matata mabuɗi, ta ce a riƙa buɗewa ana shan iska, damina kawai za ta yi. Ni da direba muka ɗaga ta muka sa a mota.

Na yi shuka a makare, amfanin shekarar bai yi kyau ba. Na koma aji na tarar an wuce ni, na sake bi a hankali. Bayan kaka na fara buga tubali a bayan katanga, ina yi ina hutawa, don ƙarfin bai dawo kamar da ba.

Duk Juma'a nakan hau babur in je Daura, in yi salla, in wuce wurinta. Tana shiga banɗaki da kanta, tana dafa bango, ba mai riƙe ta, ba mai bin ta da ido. Ba ta taɓa cewa ta ji daɗin wurin ba. Takan yi ƙorafin ruwan famfo ba shi da ɗanɗano, da ƙarar babura, da jikokin da ba sa gaisuwa a durƙushe. Takan tambayi awaki ɗaya bayan ɗaya. Nakan ba ta labarin sabon ɗaki, cewa gini ya kai gwiwa, ya kai ƙugu. Ta ce, "Kai wannan, kada ka kashe kanka."

A zuwan da na yi kafin azumi, na miƙe zan tafi, har na sa takalmi, ta kira ni. Ta ce in zan dawo in taho mata da adakarta da ke ƙarƙashin gado, da buzun sallarta, da 'yar randar da ke bayan ƙofa. Na ce randar za ta iya fashewa a hanya. Ta ce in naɗe ta da tsumma.

Juma'ar da ta biyo na karɓi mabuɗi a wurin matata, na fito da su, na ɗaure a bayan babur.